'Ya'yan Iyatu Masu Rufin Kwano

Kun gan ta, kada wanda ya ce bai gan ta ba. Shekara goma tana ratsa ku kullum da hantsi, daga bakin kasuwar Kilomita Biyar ta nan Bangui ta nufi unguwar Kokoro, daga Kokoro ta gangara Yakité, da tsohuwar lema mai karyayyen ƙarfe a hannu, da tarin makullai ɗaure a bakin zane suna kacau-kacau. Kuna zaune a ƙofar shaguna kuna kurɓar shayi, kuna ƙirga wanda ya sayi sabuwar mota da wanda ya ɗora bene. In ta yi sallama ku amsa da rabin baki, ido na kan waya. Ba wanda ya taɓa tsayar da ɗan taksi-moto, mai babur ɗin haya, ya ce, "Mama Iyatu, hau, na biya." To yau sai kun ji labarinta, domin makon jiya matar nan ta ƙarasa aikin da masu manyan riguna suka sunkuyar da kai a kansa.

Kafin a fito sallar asuba ta riga ta hura wuta a ƙofar gidanta. Fanke take soyawa, ga kunun gyaɗa a babbar tukunya, masu turin kura da masu sauke kaya su yi layi da kofunansu. Rana na ɗagowa ta miƙa wa 'yarta Husna matsami, ta wanke hannu, ta ɗaura makullai. Wanda bai sani ba sai ya ce karɓar kuɗin haya za ta. A'a, rufi za ta dubawa. In an yi irin ruwan nan na Bangui mai mai da titi kogi, ita ce ta farko da za ta tsallaka jan taɓo ta leƙa ɗaki-ɗaki, ta ɗaga kai sama tana neman inda kwano ya huda. Ta gai da wannan da Hausa, ta tsokani wancan da Sango, yaren garin, ta yi wa mai shara faɗa don ya bar leda ta toshe kwata. Sai an yi kiran azahar take dawowa, ƙafafu jajur.

Mijinta, Malam Abdulsamad, ɗan kasuwar atamfa ne, mutum mai sanyin hali. A rikicin da ya ci garin nan shekaru goma sha ɗaya da suka wuce, shagonsa ya ƙone ƙurmus, da kayan da ya karɓo bashi daga hannun Alhaji Ɗanbala na Maraɗi, kayan sefa miliyan shida. Bai daɗe ba bayan haka hawan jini ya kwantar da shi, ya cika. Da aka ajiye gawa a ƙofar gida za a yi salla, liman ya juyo ya tambayi jama'a kamar yadda aka saba.

"Marigayi ya bar bashi. Wa zai ɗauka?"

Shiru. Ƙannensa biyu na tsaye a sahun gaba, kowa ya sami abin kallo a yatsun ƙafarsa. Abokan cinikinsa, waɗanda suka sha shayinsa shekara ashirin, suna nan reras. Liman ya sake tambaya. Ya sake ta uku. Sai aka ji murya daga bayan labulen zaure, inda mata suke.

"Malam, na ɗauka. Ku sallace shi."

Wasunku suna wurin. Kun tuna abin da aka riƙa faɗa a hanyar dawowa daga maƙabarta? "Allah sarki, baiwar Allah. Da tana da ɗa, da ya ɗauke mata." Wannan ita ce duk gudummawar da unguwa ta bayar: da tana da ɗa. Aka yi ta maimaitawa a gidan suna da gidan biki, har ta zama kamar sunanta.

Da ta fita takaba, ta kwance sarƙarta ta zinari da 'yan kunne da awarwaron da ta gada wurin uwarta, ta haɗa da gadon ƙarfe da kwanukan jere, ta sayar. Kuɗin bai kai miliyan ɗaya ba. Kowa ya ce ta tura wa Alhaji a rage zafi. Ita kuwa ta nemi lambarsa ta buga masa waya, a gaban liman, don kada a ce ta yi a ɓoye.

"Alhaji, ga abin da ke hannuna. In ka ce in turo yau, wallahi yau zan turo, haƙƙinka ne. Amma daga shi ba ni da komai sai kasko. In ka yarda, zan sayi kango da shi in rufa, in zuba 'yan haya. Duk wata rabi naka, rabi na gyara."

Alhaji ya ce, "Ke kuwa kin taɓa gina ko akurkin kaji?"

"Ban taɓa ba. Amma ban taɓa cin bashi ba ma, ga shi na iya."

Liman ya ce dariyar Alhaji har shi ya jiyo ta daga cikin wayar. Ya yarda.

A lokacin kangaye sun yi arha a Kokoro, kuma duk mun san dalili. Masu su sun gudu, wasu Chadi, wasu Kamaru, dillalai kuma na yawo da takardun da tawadarsu ba ta bushe ba. Mutane da yawa sun saya a haka, ba su tambayi komai ba, har yau suna sahun farko a masallaci. Wani dillali ya nuna wa Iyatu kango mai ɗaki huɗu, ba rufi ba ƙofa, a rabin kuɗinsa. Ta tambayi maƙwabta na waye. Aka ce na wata tsohuwa ce, Rahamatu, tana can Garwa-Bulai a bakin iyakar Kamaru. Iyatu ta hau bayan motar kaya, kwana biyu a hanya, ta je ta same ta a wata rumfa. Tsohuwa ba ta ma san ana tallan gidanta ba. Suka yi ciniki ido da ido, a cikakken kuɗi, da shaidu. Abin da ya rage a hannun Iyatu bai wuce na kwanon ɗaki biyu ba, sauran biyun sai da fanke ya rufa su.

Ranar da aka ɗora kwanon ƙarshe ne Husna ta yi katoɓarar da ta zama tarihi. Husna haihuwar nan ce, kamar yawancin yaranmu Sango ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa sai a hankali. A Sango, gida shi ne "da". Ta iso bakin famfo tana murna ta ce wa mata, "Ku taya mu farin ciki, Mama ta sami da!"

Mata suka saki bokitai. "Ɗa? Iyatu? A wannan shekarun? Kuma ba miji?"

Kafin la'asar magana ta kai Yakité. Da ta dawo kunnen Iyatu, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ku bar ta, gaskiya ta faɗa. Ba cewa kuka yi da ina da ɗa ba? To ga shi nan a Kokoro, ɗaki huɗu gare shi, kuma tun yana jariri zai fara biyan bashin ubansa."

Ta raɗa masa suna Babba. Bayan shekara uku, da kuɗin gyaran da ta tara da kwasar adashi, wanda mata a nan ke kira kelemba, ta sayi na biyu, ta ce masa Na-tsakiya. Na ukun a Yakité yake, ɗan ƙarami a bakin hanya, shi ne Auta. Duk sayen da za ta yi sai ta buga wa Alhaji ta nemi izini, kuma duk tsawon shekarun nan wata bai taɓa mutuwa rabonsa bai isa Maraɗi ba.

Ga kuma abin da ya kamata ya hana masu gidajen haya na unguwar nan sakewa. Iyatu, wadda ake bi miliyoyi, ba ta taɓa karɓar kuɗin gaba ba. Ku da ba a bin ku ko dala, sai mutum ya ajiye muku na wata uku, wasu na wata shida, kafin ku nuna masa ƙofar ɗaki. Mutumin da ya dawo daga gudun hijira da tabarma ɗaya da yara biyar, a ina zai samo? Ita cewa take, "Shiga ka zauna, in wata ya mutu ka biya. In na mako-mako ya fi maka sauƙi, kawo." An cuce ta, ba a ce ba a cuce ta ba. Mutum biyu sun gudu mata da kuɗin wata huɗu. Da aka ce ta ɗauki darasi, ta ce biyu cikin talatin da wani abu ba su isa su sa ta hukunta sauran ba.

Bara, sauran bashin ya koma dubu ɗari tara, sai Allah ya yi wa Alhaji Ɗanbala rasuwa. Bai taɓa zaunar da iyalinsa ya ba su labarin yadda kuɗin Bangui ke zuwa ba. Suna kawai suka gani a takarda, da abin da ya rage. Magada goma sha ɗaya, kowa na jiran a raba gado, sai suka turo ɗansa Sharafaddeen, wanda dama yana shirin zuwa gwada cinikin albasa, ya karɓo kuɗin gaba ɗaya. Saurayi ne mai ladabi amma mai zafin kai, kwanansa uku a gari, bai san ko gaisuwa da Sango ba. Ya iso wurin suya ya tarar da Husna a bakin kasko.

"Ina mazan gidan nan? Wa ke biyan bashin marigayi?"

"Mama tana da da uku," in ji Husna. "Su ke biya."

"Uku! Ƙarti uku, suka bar tsohuwa a bakin wuta? A kai ni wurinsu yanzu."

Iyatu na zaune a gefe tana jin su. Ba ta gyara masa ba. Ta miƙe ta ɗaura makullai ta ɗauki lema.

"Zo mu je, ɗan Alhaji. Amma fa ba su cika magana ba."

"Yau za su yi, Inna."

"Babban kuma in damina ta yi ƙarfi hawaye yake ta gefen hagu, sai ka yi haƙuri da shi."

"Ko kuka yake da jini sai na faɗa masa gaskiya."

Duk hanyar Kokoro yana tsara abin da zai faɗa, har da aya. Suka tsaya a gaban wani gida mai shuɗiyar ƙofa, mata na shanya a tsakar gida. Iyatu ta nuna bango da lemarta.

"Ga yayansu. Gaishe shi."

Sharafaddeen ya dubi bango, ya dubi Iyatu, ya leƙa bayanta ko akwai wani. Matan gidan da suka gane abin da ke faruwa suka zube ƙasa don dariya. Sai da wata ta tausaya masa ta yi bayani. Ya cire hula ya shafa kai.

"Inna, tun daga kasuwa kika bar ni ina haɗa wa katanga wa'azi?"

"Wa'azin ya yi kyau, ɗan Alhaji. Ajiye shi, akwai masu kunne da suka fi katanga buƙatarsa."

An yi dariya, amma maganar kuɗi tana nan. Da suka zaga har Yakité ya ga Auta a bakin hanya, ya ce mata a hankali, "Inna, 'yan'uwana ba za su jira ba. Ki sayar da wannan, ki huta, mu huta." Kwana biyu ba a yi ba wani babban ɗan kasuwa ya aiko, zai ba da miliyan uku a kan Auta, ya rushe ya gina ma'ajiyar kaya.

Kada ku ɗauka abin bai ja ta ba. Ya ja ta ƙwarai. Shekara tara tana jin malamai na cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Duk safiya da wannan take tashi. Ga shi a yini ɗaya za ta kwance Abdulsamad, har ta sami rarar zuwa Makka. Gwiwoyinta sun fara gazawa, kuma ba ta da tabbacin za ta ga ƙarshen biyan da kaɗan-kaɗan. Ranar Alhamis ta ɗauki lema ta nufi Auta, da niyyar gaya wa iyalai uku da ke ciki su fara neman wuri.

Ta tarar da Badaru tela a kan kekensa a bakin zaure. Shi ne ya fara shiga gidan, shekara huɗu baya, ranar da ya dawo daga Kamaru da matarsa da yara da kan keke a buhu. A ɗakin nan aka haifi 'yarsa ta ƙarshe. Yana ganinta ya tsai da keke, ya tashi ya ba ta kujera.

"Mama, mun ji labari, ba sai kin wahalar da bakinki ba. Ki sayar. Kin yi mana abin da dangi ba su yi ba. Mun taɓa zama a tanti, ba mu mutu ba."

Iyatu ta dube shi. Ta dubi jikin bango, inda yaran suka yi ta zana tsayinsu da gawayi, layi bisa layi.

"Tanti," ta ce. "Wato in kwance wanda ke kabari, in ɗaure masu rai goma sha huɗu a tanti. In na je can, Abdulsamad ma sai ya tambaye ni ko na haukace." Ta miƙe. "Koma kan kekenka. Ɗinkina na Salla da ka riƙe wata biyu, shi nake so in gani, ba wa'azi ba."

Daga nan ba ta zarce gida ba, sai inda Sharafaddeen ya jibge buhunan albasarsa a rana, yana fama da ƙuda.

"Ɗan Alhaji, a ina kake kwana?"

"A shagon wani ɗan garinmu, Inna, kan buhuna. Na sami ɗaki da shago, amma mai gidan ya ce sai na ajiye na wata shida. In na ba shi, da me zan yi jari?"

"Na-tsakiya yana da ɗaki da shago, tun watan jiya ba kowa. Kwashe albasarka ka shiga yau. Kada ka ba ni ko dala. Duk wata ka cire kuɗin hayar daga bashin, ka tura wa 'yan'uwanka, ni kuma in ɗora abin da na saba turawa. Wata tara mun gama. Buga musu waya."

Ya buga. An yi ta ce-ce-ku-ce daga Maraɗi, har ya gaji ya ce musu, "Ku da ba ku ga 'ya'yan matar nan ba, ku yi shiru. Ni na gan su." Suka yarda da wata tara.

Wata takwas aka yi. Ba wanda ya roƙi 'yan haya, amma da suka ji yadda aka yi, sai suka riƙa kawo kuɗi tun kafin wata ya mutu. Matan kelemba suka sauya layi suka ba ta kwasa. Badaru ya kawo ɗinkin Salla, ya ƙi karɓar kuɗin aiki, suka yi ta rigima a kai har ta fi ƙarfinsa ta cusa masa a aljihu.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Iyatu, daidai inda aka ajiye gawar mijinta shekara goma baya. Ta ƙirga kuɗin ƙarshe a hannun Sharafaddeen. Liman ɗin nan dai, gemu ya yi fari fat, ya dogara sanda ya miƙe ya fuskanci jama'a.

"Akwai mai bin Abdulsamad bashi?"

Shiru. Ya sake tambaya. Ya sake ta uku.

"Babu, Malam," in ji Sharafaddeen da ƙarfi. "An biya mu har dala ta ƙarshe. Mun yafe, Allah ya yafe masa."

Guɗa ta tashi daga zaure har ta tsorata awakin maƙwabta. Iyatu ta yi sujada, ta ɗago fuska jiƙe tana dariya. Aka fito da fanke faranti-faranti, ranar ba saye ba sayarwa, kunu kuwa har da masu wucewa. Ƙannen marigayi biyu ma sun zo, an ba su nasu, sun ci. Ta kwance makullan daga bakin zane ta damƙa wa Husna, ta ce daga yau ita za ta riƙa duba rufi, gwiwa ta ce ta gaji. Sannan ta juya ga Sharafaddeen.

"To ɗan Alhaji, bashi ya ƙare. Sai Maraɗi?"

Ya zaro kuɗi daga aljihu ya ajiye a gabanta. "Na watan gobe ne, Inna. Ba inda za ni. Husna, gyara lissafinki. Daga yau Mama tana da da uku, da ɗa ɗaya."

"Ni dai duk ɗaya nake jin su," in ji Husna, aka sake fashewa.

Mama Iyatu, uwar makullai, ke ce kika amsa daga bayan labule ranar da sahun gaba ya yi gum. Ke ce kika yi kwana biyu a bayan motar kaya don ki biya tsohuwa kuɗin gidanta, alhali ana miƙa miki shi a rabin kuɗi. Ana bin ki miliyoyi, amma ba ki taɓa matse wanda ya fi ki rauni don ki huta ba. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyinki lafiya, ya kai ki Makka da kuɗin 'ya'yan nan naki, ya haskaka kabarin Malam Abdulsamad.

Ku kuma da kuka karanta, kada ku ce "Allah sarki" ku juya shafi. Mun gaji da Allah sarki, shi aka ba ta shekara goma. Kai da mahaifinka ke kwance da bashin mutane kana ɗora bene, ka san sunan mai bin sa, kuma kana da lambarsa. Kai mai gidan haya da ke riƙe da kuɗin wata shida na talaka, mai fanke ta nuna maka ana iya yi ba da shi ba, ba ka da sauran hujja. Kafin Juma'a mai zuwa, kira ɗan hayarka, ka riƙe na wata ɗaya, ka mayar masa da sauran a hannunsa. Ajiye shayin nan ka tashi.